Ayar da yatsana ya faɗa a kai

Mu 'yan gidaje ne kaɗan na Kirista a gefen babban kanal na ban ruwa, tsakanin Bunkure da Kura. Kakanninmu Maguzawa ne. Mahaifina ne ya fara karɓar bishara a gidanmu. Ya rasu ina saurayi, ya bar mini Inna, da gonar da ke samun ruwan rani, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda shi kansa bai iya karantawa ba. Ni na gama firamare, daga nan ban ci gaba ba. Karatuna a hankali yake tafiya, amma yana tafiya, kuma a unguwarmu wannan ya isa a ce da mutum mai ilimi.

Tun ina yaro aka koya mana a majami'a cewa Littafin nan hurarre ne daga Allah, mutane ne suka riƙe alƙalami amma Ruhu ne ya bi da su. Na gaskata, har yau kuma ina gaskatawa. Inda na ɓata shi ne abin da na yi da wannan gaskatawar.

Abin ya fara ne a kan tumatir. Wata shekara tsutsa ta cinye na kowa, da rani ya zagayo sai na rasa ko in sake shuka shi ko in koma alkama. Wata safiya bayan addu'a na ɗauki Littafin, na rufe ido, na buɗe shi inda ya ga dama, na dangwala yatsa. Sai ya sauka a wani wuri da ke maganar rumbuna cike. Na shuka tumatir, ya yi kyau. Shi ke nan na kamu. In zan sayi injin ban ruwa, sai na buɗe. In zan sayar da sa, sai na buɗe. In ayar ba ta taɓa abin da na tambaya ba, sai in yi ta lanƙwasa ta har ta taɓa. In kuwa yatsan ya sauka kan jerin sunayen mutanen dā, sai in ce Ubangiji bai amsa ba tukuna, in sake.

Ban taɓa gaya wa Baba mai bishara ba, dattijon da ke kula da 'yar majami'armu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mini cewa zuciyata ta san akwai wani abu. Matata dai ta sani, ta mayar da shi abin tsokana. Takan leƙo daga madafa da ludayi a hannu ta ce, "Maigida, a tambaya mana, yau kuka za a kaɗa ko kuɓewa?" In ce mata ta daina wasa da abin Allah. Ta ce ita ba da abin Allah take wasa ba, da ni take yi.

'Ya'yanmu mata biyu ne a lokacin, tana ɗauke da ciki na uku. Da cikin ya tsufa sai ƙafafunta suka fara kumbura. Da farko mun ce abin masu ciki ne. Sai takalminta ya daina shiga, zoben hannunta ya nutse cikin yatsa, ga ciwon kai da ba ya sauka. Ta je awo a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Ta dawo da la'asar ta zauna a kan turmi tana haki, ta ce malamar asibiti ta auna ta har sau biyu, ta ce jininta ya hau sosai, a kai ta babban asibiti a birni, kada a jira.

Lokacin tsakiyar ɗiban tumatir ne. Wanda ya san noman nan ya san tumatir ba ya jiran kowa, in ya nuna ba ka ɗebe ba, a kan ƙasa za ka tarar da shi. Ba zan ɓoye ba, tunanin gonar ya shigo mini tare da tunanin matata, kafaɗa da kafaɗa. Sai na ce mata bari in nemi nufin Ubangiji.

Washegari da safe na shiga ɗaki, na durƙusa, na rufe ido, na buɗe. Da na duba inda yatsana yake, sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a ƙeya. Labarin wani sarki ne. Ya kamu da ciwo a ƙafafunsa, ciwon ya yi tsanani, amma bai nemi Ubangiji ba, likitoci ya nema. Aya ta gaba kuwa ta ce ya mutu.

Na karanta na sake karantawa. Ƙafa. Likitoci. Mutuwa. Tun da na fara wannan ɗabi'a ban taɓa samun amsar da ta fito fili haka ba. Ban sake buɗewa ba wannan karon. Ina jin tsoro. A ganina Allah ya yi magana da bakinsa a cikin ɗakina, in na sake tambaya kamar na ƙaryata shi ne.

Na fito na same ta tana tsince shinkafa a faifai, ƙafafun a miƙe don ba ta iya tanƙwasa su. Na gaya mata abin da na gani. Ita ba ta yi makaranta ba, sai dai abin da ta haddace a wurin matan zumunta na majami'a. Ta ajiye faifan. Na jira tsokanar da ta saba, ba ta zo ba.

"Haka aka rubuta?" ta ce.

"Haka aka rubuta."

"Da maganar ƙafar?"

"Da ita."

Ta daɗe tana kallon ƙafafunta. Sannan ta ce, "To."

Inna tana bakin ɗakinta tana ɓare gyaɗa, duk ta ji. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai, zo nan." Na je na tsuguna. Ta ce, "Kakanka yashi yake bazawa a ƙasa, ya zana da yatsa, ya ce ga abin da aka ce. Ubanka ya sha zagi da kora kafin ya raba mu da wannan. Yanzu kai ka dawo mana da shi a cikin littafi mai baƙin bango?"

Na ce, "Inna, maganar Allah kike haɗawa da bugun ƙasa?"

"Ba ni na haɗa ba."

"Ke kin iya karantawa ne?"

Haka na faɗa wa mahaifiyata, da murya sama, a gaban matata. Inna ta ce in dai na tabbata, in je in nuna wa Baba mai bishara. Na ce zan je in an gama ɗiban wannan zagayen. Ban je ba. Na san zai yi mini faɗa, kuma ina tsoron kada ya rinjaye ni in saɓa wa abin da na gani.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa rayuwa cikin irinsu ba. Na ɗauki azumi. Safe da yamma ina shafa mata mai a ƙafafu ina addu'a. In na danna ƙaurinta da yatsa, sai ramin ya zauna, ya ƙi cikowa. Fuskarta ta cika har idanunta suka ƙanƙance. Ta ce tana ganin wasu abubuwa suna walƙiya a gabanta kamar ƙwari. Na ce gwaji ne, mu daure.

A gona kuwa jikina ne kawai yake wurin. Ina tsinka ina zubawa a kwando, kunnena yana gida. In babur ya taho ta kan gaɓar kanal sai gabana ya faɗi, in ce saƙo ne. Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya. In na kai ta asibiti, na yi abin da sarkin nan ya yi, kuma na ga ƙarshensa. In na bar ta, ga ta tana narkewa a gabana. Duk inda na juya kabari nake gani. Har Littafin kansa na daina taɓawa. Yana nan a kan taga, in na shiga ɗakin sai in kau da kai, kamar wanda ya shiga inda alƙali yake zaune.

Gonar da ke jikin tawa ta wani Alhaji ce, Musulmi, mun daɗe muna karɓa-karɓar ruwa ba mu taɓa faɗa ba. Yana da a-kori-kura da yake kai kwanduna kasuwa. Wata safiya ya tsaya a kan iyaka yana goge zufa da hularsa.

"Maƙwabci, ka rame. Ko tumatir ɗin ne ya hana ka cin tuwo?"

Na ce azumi nake yi.

"Ku ma kun fara ƙwace mana sana'a? To Allah ya karɓa. Yaya mai jiki? Uwargidana ta leƙa ta jiya, ta dawo hankalinta a tashe."

"Muna addu'a, Alhaji."

"Madalla. Amma addu'a ba ta hana shiga mota. Ga ta nan, ko yanzu ka ce in tayar."

Na ce na gode, na sunkuya na ci gaba da tsinka don kada ya ga fuskata.

Rana tana tsaka a ranar na ji ihun Inna. Gonar ba ta da nisa da gida. Ban san yadda na tsallake kanal ɗin ba. Na tarar da matata a kan tabarma a tsakar gida tana jijjiga, haƙora a datse, idanu sun juye, kumfa a gefen baki. Matan unguwa sun kewaye ta, wata tana riƙe da kanta, wata tana kiran sunan Yesu ba tsayawa. Ashe kafin in iso Inna ta riga ta tura wata mata wurin Alhaji. Sai ga ƙarar mota a ƙofar gida. Ya sauke kwandunan da ya riga ya loda, ya bar su a bakin hanya cikin rana.

Abin da na yi a nan shi ne mafi nauyi a kaina. Da matan suka ɗago ta a cikin tabarmar, sai na tsaya a bakin zaure, na ware hannuwa.

"Ba za a kai ta ba. In aka kai ta mutuwa za ta yi. An nuna mini."

Alhaji ya matso ta bayana ya ce a hankali, "Maƙwabci, ni ban san abin da ke cikin littafinku ba, ba kuma zan yi maka gardama a kansa ba. Amma dubi matar nan. Dube ta da kyau."

Ban iya duba ta ba. Inna ce ta taho har gabana, ga ta 'yar ƙarama, sai da ta ɗaga kai.

"In zunubi ne, a rubuta a kaina. Ni na ɗauka. Matsa."

Na matsa. Ba don na yarda ba.

A bayan motar muka kwantar da ita, kanta a cinyar Inna, ni ina riƙe da ƙafafun. Ƙasan motar duk ruwan fasasshen tumatir ne, ya jiƙa zanenta ya yi ja, na yi ta shafawa ina dubawa ko jini ne. Alhaji yana ta hon, muna wuce gonakin shinkafa da masu jiran mota a bakin titi. Ni dai a raina gawa na ɗauko. Na tabbata ina kai matata inda Allah ya ce kada in kai ta. Na yi ta cewa, ya Ubangiji, ba ita ta ce a zo ba, in hukunci ne ka sauke a kaina. Da muka kusa shiga birni jijjigar ta sake kama ta. Inna ta rungume kanta tana rera wata waƙar sujada da muryar da ba ta fita.

A asibiti suka karɓe ta da gudu. Aka yi mata allura, aka sa mata ruwa, wani likita ya fito ya ce sai an yi aiki an ciro yaron yanzu. Ya tambaye ni tun yaushe ƙafafun suka kumbura. Na faɗa. Ya tambaya ko ta je awo, me aka ce mata. Na faɗa. Ya miƙo takarda na sa hannu.

Ina zaune a gindin wata bishiya a harabar asibitin da la'asar, sai ga Baba mai bishara ya sauko daga babur, da 'yar jakarsa a rataye. Matan unguwa ne suka gaya masa. Ya zauna kusa da ni a kan dakali. Ban jira ya tambaya ba, na kwashe duka na faɗa masa, tun daga shekarar tumatir. Ya saurara har na gama. Sai ya zaro nasa Littafin ya ɗora mini a cinya.

"Nemo mini wurin."

Na nemo.

"To koma baya. Ba nan ba, ƙara. Inda labarin sarkin ya fara. Karanta da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi."

Na fara. Ashe sarkin nan da kyau ya soma. Ya rushe wuraren tsafi, ya dogara ga Allah a yaƙi aka ba shi nasara. Daga baya da wani abokin gaba ya matsa masa, sai ya kwashi dukiyar ɗakin Allah ya aika wa wani sarkin waje don ya taimake shi. Allah ya aiko masa da annabi ya yi masa faɗa. Maimakon ya ji, sai ya husata, ya jefa annabin a kurkuku, ya kuma shiga musguna wa mutane. Bayan duk wannan ne ciwon ƙafar ya zo, kuma ko a cikin ciwon bai juyo ga Allah ba.

Na tsaya. Baba ya ce, "Matarka ta taɓa ɗaure annabi?"

Na girgiza kai.

"Ta daina neman Ubangiji?"

"A'a, Baba. Ta fi ni."

"To a gidanku wa aka yi ta yi wa gargaɗi ya ƙi ji? Wa ya husata da mai gaya masa gaskiya?"

Malamar asibiti ta faɗa. Inna ta faɗa, na ɗaga mata murya. Alhaji ya faɗa, na sunkuyar da kai. Labarin da na ɗora a kan ƙafafun matata, ashe in akwai wanda ya yi kama da mutumin cikinsa, ni ne.

Baba ya ce, "Ɗana, ba ka yi kuskure ba da ka ji tsoron Littafin nan. Maganar Allah ce, ta isa a ji tsoronta. Amma in hakimi yana magana, kana shiga ka tsinci kalma uku ka fito ka ce ga umarninsa? Sai ka zauna ya gama. Kai ba ka bar shi ya gama ba. Ka ba shi tambayarka, ka ce lalle ita zai amsa, yanzu, a inda yatsanka ya sauka. Wa ke mulkin wani a nan?" Ya karɓi Littafin ya rufe. "Ubangijinmu da bakinsa ya ce marasa lafiya suna bukatar likita. Yana nan a ciki shi ma. Da kana bi a jere da ka riske shi."

Na ɗauka wannan magana za ta sauke mini tsoro. Ƙara shi ta yi. Dā ina tsoron Allah zai kashe ta don an kawo ta. Yanzu na gane in ta mutu, ba wanda ya jinkirta ta sai ni, kuma da sunansa na yi. Na kifa kai a gwiwa. Baba ya ɗora hannu a bayana yana addu'a. Alhaji yana can gefe a kan tabarmar sallarsa, bai koma ga kwandunansa ba.

Rana ta kusa faɗuwa wata nas ta fito ta kira mijin matar da aka kawo daga Bunkure. Na tashi na je. Ta ce uwar tana da rai, jinin ya fara sauka, amma sai an sa mata ido. Yaron kuwa bai zo da rai ba. Namiji ne. Likitan ya ce da an zo tun lokacin da aka ce a zo, da wataƙila an same shi. Bai ce tabbas ba. Wataƙila ya ce, kuma da wannan kalmar nake kwana nake tashi.

Baba da Alhaji suka koma da yaron gida a naɗe cikin mayafin Inna, aka binne shi kusa da mahaifina. Ni na zauna.

Sai washegari da hantsi ta farfaɗo sosai. Na shiga na tsaya a gefen gadon. Leɓenta ya fashe inda ta cije shi. Ta shafa cikinta, ta dube ni, na ga ta riga ta sani.

"Mace ko namiji?"

"Namiji."

Ta rufe ido, hawaye suna bin gefen fuskarta zuwa kunne. Na durƙusa a kan siminti, ban damu da sauran matan ɗakin ba. Na gaya mata abin da Baba ya sa na karanta, da yadda labarin yake tun daga farko. Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Na tambaye ka ko haka aka rubuta."

"Haka aka rubuta. Amma ban karanta miki duka ba. Ni ma ban karanta ba."

Ta juya fuska wajen bango. Na daɗe a durƙushe, har gwiwoyina suka mutu. Inna tana zaune a ƙarshen gadon tana mata fifita. Na ɗauka matata ba za ta sake yi mini magana ba, kuma da ta yi hakan da ban ga laifinta ba.

Can sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Maigida."

"Na'am."

"Yafewa zan yafe, amma ba yau ba, ka bar ni tukuna. In mun koma gida za ka saya mini nawa Littafin. Za ka koya mini karatu, ni da yaran nan. Ba zan ƙara zama wani ya gaya mini abin da ke ciki ba, ko da kai ne."

Na ce to.

Ta ce, "Tashi haka nan, mutane suna kallo. Je ka nemo mini ruwan zafi."

Na tashi na ɗauki kofin na fita.